Tantabarun da Suka Yi Duhu

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton tsuntsu a sama ya san kyamara matsoraciya ce. Tana ganin haske sai ta tsuke ido, farar tantabara ta fito baƙa ƙirin kamar an tsoma ta a tawada. Maganin abin, ka ƙara mata haske kaɗan da hannunka. Mai Hoto ya san haka tun yana saurayi, ga shi har furfura ta cika masa kai yana hawa rufin benen da suke haya shi da 'yarsa, yana jiran tantabarun maƙwabcinsu tela su tashi.

Rufin ba shi da katanga. A kan wannan 'yar take mita kullum, ta ce ranar da ya fara tuntuɓe za ta sa wa ƙofar kwaɗo. Shi kuwa yakan ce ko ƙadangare bai fi shi sanin rufin nan ba.

Sai tantabarun suka fara fitowa da duhu. Ya murza ya ƙara haske, ya duba gilashin bayan kyamara, duhun na nan. Ya sake ƙarawa. Ya ce wa tela tsuntsayensa sun yi dauɗa, tela ya ce to ya zo da sabulu. Ya zargi batir, ya zargi hadari, alhali wanki na bushewa tun ba a gama shanya ba. Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba: in garken ya karkata hagu sai ya ɓace masa ɗungurungum, kamar sama ta yi aljihu a wannan gefen.

Wata safiya ya samu hoton da ya yi masa daidai, fukafukai a buɗe, kowane gashi a fili. Ya sauko da murna ya miƙa wa 'yar. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, babu komai a nan," in ji ta. "Fari ne fat, kamar takarda."

Ya ce yaran zamani ba su san hoto ba. Ya ji tana ta dannawa, tana komawa hotunan baya, numfashinta ya sauya.

Da hantsi ya ji kaɗawar fukafukai, ya lallaɓa ya hau. Garken ya taso ta gabansa, ya ɗaga kyamara, ya bi su. Suka karkata hagu, aljihun ya haɗiye su. Ya matsa don ya cim musu, ya sake matsawa, yatsun ƙafarsa suka ji iska.

Aka damƙe rigarsa daga hagu.

"Tun da ka hau nake tsaye a nan, Baba."

Ya juya, sai da ya juya sosai kafin ya ga fuskarta, ita ma da duhu. Ta zare igiyar kyamarar daga wuyansa, shi kuwa babban yatsansa bai daina murza iska ba, yana neman ƙarin haske.