Kunnen Jirgin Trofim

"Ba nan ba! Lukian, ɗauke hannunka daga nan!"

Lukian ya saki maɓallin injin huji, ya ɗago kai. Jirgin ruwan na katako yana kife a kan gungume biyu a tsakar gidan, baƙi wuluk da kwaltar shekaru. Maƙwabcinsa, tsoho Trofim, yana zaune a kujera da bargo a gwiwa, duk da zafin ranar watan Mayu.

"Baba Trofim, ɗazu ka ce nan."

"Ɗazu ban ga bakin ƙarfen ba. Ubana ne ya kafa katakon nan."

"To, na gefensa fa?"

"Shi ma."

Lukian ya ajiye injin. Aikinsa gyaran injinan jiragen ƙauyen ne, kuma ya daɗe da gane cewa idan ya yi shiru, mai jirgi yakan gama musu da kansa. Ya sake juya ƙaramin abin a tafin hannunsa. Roba ce mai ruwan toka, ba ta fi sabulun wanka girma ba, da doguwar waya a gindinta. Ita za a ɗaura a bayan jirgi, ta nutse cikin ruwa, ta aika sauti ƙasa ta saurari amsa, sannan allon da ke ɗaya bakin wayar ya zana abin da ta ji. Trofim ya ga irinta a jirgin wasu baƙi masu kamun kifi don nishaɗi, tun ranar yake ce mata kunne.

'Yarsa Varvara ce ta aiko da ita daga birnin Tulcea. Da likita ya gama magana a kan abin da ke cin cikin tsohon, ta tambaye shi me yake so, tana zaton zai ce sabuwar katifa. Ya ce kunne. Ranar Asabar za ta zo a jirgin fasinja ta tafi da shi asibiti, kuma babu wanda ke layin da bai san cewa tafiyar ba ta da dawowa ba.

"Huda," in ji Trofim daga ƙarshe, ya kau da kai. "Amma kar ka bari jirgin ya ji."

Lukian ya huda ramuka ƙanana, ya cika su da danƙo, ya ɗaure kunnen da noti. Ya sa shi nesa da farfelar inji don kar kumfa ta toshe shi, ya saukar da shi ɗan kaɗan ƙasa da gindin jirgin, ya daidaita fuskarsa ta dubi ƙasa sak.

"Wai me kake son gani, Baba? Kifin kogin nan duk kun san juna."

"Kifi? Wa ya ce maka kifi?" Trofim ya matso da kujerarsa. "Akwai wani rami a cikin kogin nan. Tun ban yi gemu ba nake zuwa can. Akwai wani abu a ƙasansa da ke riƙe mini ƙugiya. Raga nawa ya yaga mini! Na zura gora ba ta kai ba. Na taɓa nutsawa ina saurayi, ruwan baƙi, ban ga ko hannuna ba."

"Itace ne."

"Ka gani da idonka?"

"A'a."

"To, yi mini shiru. Ubana ya ce jirgin Turkawa ne. Kawuna ya ce keken doki ne da ya fasa ƙanƙarar da ta rufe kogin ya nutse wani hunturu. Duk sun mutu ba su sani ba. Ni ba zan bi su haka ba."

Matarsa Avdotia ta fito daga kicin da tukunyar miyar kifi, ta tsaya a gefen jirgin tana kallon sabon abin kamar an ajiye mata kwaɗo a kan teburi.

"Haka za ka bar shi tsirara?"

"Haka ake barinsa, Inna."

"Uhm," in ji ta. Ta wuce.

Washegari da safe Lukian ya tarar ta riga ta sa maza biyu sun juya jirgin sun tura shi ruwa a ƙarshen lambu. Ya haɗa batir, ya kama Trofim ya zaunar da shi a gaba, suka fita babbar mashigar kogin don gwaji. Allon ya kama, ya yi haske, sai ya tsaya fari fat. Can wata lamba ta fito ta ɓace.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna."

"Ko yaren kogin namu ne bai iya ba?"

Lukian ya latsa nan ya latsa can, ya zare waya ya mayar, ya goge bakin batir. Trofim ya fara da ba'a, daga baya ba'ar ta ƙare. Ya dafe cikinsa ya sunkuya, zufa ta tsattsafo a goshinsa. Lukian ya juya akalar jirgin gida ba tare da ya tambaye shi ba.

Sai da ya kwantar da tsohon a ɗaki ya koma bakin ruwa. Ya kwanta rubda ciki a bayan jirgin, ya zura hannu ya laluba. Abin da ya taɓa ya ninka kunnen girma, ga danƙo. Ya fito da yatsunsa baƙi ƙirin.

Ya sami Avdotia tana ba kaji tsaba. Ya nuna mata hannun.

"E, ni ce," ta ce. "Ka huda jirgin mijina ka tafi ka bar rami. Na cusa zaren rama a kewaye, na shafe shi da kwalta sau biyu. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa barin abu ya shiga ruwa ba kwalta ba."

"Inna, kunne ne. Kin toshe masa kunne."

Ta dube shi, ta dubi tagar ɗakin da Trofim yake kwance. Kwanon tsabar ya karkace a hannunta, kaji suka yi caa a ƙafarta.

"Na kashe shi?"

"Ban sani ba. In kwaltar da zafi sosai kika zuba..."

"Na bari ta huce. Ni ba mahaukaciya ba ce."

Daga cikin ɗaki suka ji wani sauti, suka ruga a guje. Dariya Trofim yake yi, yana riƙe da ciki, hawaye na bin gemunsa.

"Tsohuwa! Shekara da shekaru kina cewa ba na jin magana, yanzu jirgin ma kin mai da shi kurma!"

"Rufe mini baki, tsohon banza," in ji ta, tana gyara masa matashi.

Lukian ya kwance kunnen ya kawo shi kan teburin tsakar gida. Ya ce kar ƙarfe ya taɓa fuskarsa. Avdotia ta fere tsinken katako, ta kawo man girki da tsumma, ta karɓe aikin daga hannunsa. Ta yini a kansa, tana kankarewa tana gogewa, ba ta ko ɗora tukunya ba. Da yamma robar ta fito fes, sai wani baƙin layi a gefe da ya ƙi fita.

Amma washegari Trofim bai iya tashi ba. Shayi ma cokali biyu ya sha. Lukian ya tsaya a bakin gado, ƙarƙashin hotunan tsarkaka da ƙaramar fitilarsu, yana murza hularsa.

"Baba, gaya mini wurin. In je in ɗauko maka hoton allon a waya."

"In gaya maka ramina? Ko ita wannan ban gaya mata ba."

"Bayan tsohon injin ban ruwa," in ji Avdotia daga bakin ƙofa, "a shiga ƙaramar hanyar kyauro ta hagu, inda itacen nan da tsawa ta tsaga yake."

Trofim ya buɗe baki.

"Wa kake zato yake cire maka ganyen wurin daga raga?" ta ce. "Lukian, kama katifar ta can."

Haka suka ɗauke shi, shi da katifar, da taimakon mazan nan biyu. Aka shimfiɗa shi a tsakiyar jirgi, Avdotia ta zauna ta jingina bayansa da ƙirjinta, ta riƙe masa allon a gaban ido. Tun suna babbar mashiga wani layi mai kauri ya fito a ƙasan allon, yana hawa yana sauka.

"Ƙasan kogi ke nan," in ji Lukian.

"Ashe haka yake da tudu da kwari," Trofim ya ce a hankali. "Kamar hanyar coci."

A hanyar kyauro Lukian ya rage wuta. Ganye yana shafar jirgin ta kowane gefe, wani babban tsuntsu kwasakwasa ya tashi da ƙyar daga gabansu. Suka fito wani buɗaɗɗen ruwa mai duhu, ga tsagaggen itacen a gaɓa. Layin allon ya gangara, ya yi ta gangarawa. Sai wani abu ya taso daga ƙasa, dogo, a kwance, da wasu abubuwa biyu a tsaye a kansa. A gefensa kuma ga wani lanƙwasasshen zane mai kauri.

"Mene ne? Lukian, mene ne?"

Lukian ya leƙa ya daɗe. "Ban sani ba, Baba. Zai iya zama itace da rassa. Zai iya zama jirgi."

"Ko keken doki an kife shi, ƙafafu a sama," in ji Avdotia.

"Ke ma kin shiga? Sake wucewa. Ta wancan gefen."

Suka zagayo. Dogon abin yana nan inda yake. Lanƙwasasshen zanen kuwa ya bar gefensa, ya koma can sama.

"Wannan ya motsa," in ji Trofim. Ya ɗora yatsa a kan allon. "Ya motsa ko bai motsa ba?"

"Ya motsa. Tarwaɗa ce, in ban yi kuskure ba. Babba."

"Ashe su biyu ne! Ɗaya ya cinye abincin, ɗaya ya riƙe ƙugiyar. Ni kuma duk zagina mutum ɗaya nake yi wa." Ya yi numfashi. "Sake wucewa."

Suka yi ta wucewa, ta gabas, ta yamma, yana tambaya Lukian yana cewa bai sani ba, har muryar tsohon ta koma raɗa, Avdotia ta ɗaga wa Lukian kai alamar su koma gida.

Trofim ya rasu ranar Juma'a da hantsi, a kan gadonsa. Avdotia ta ce maganarsa ta ƙarshe a kan abubuwa biyun nan ce masu tsayuwa: ya ce sun yi kusa da juna da yawa, ba za su zama ƙafafun keke ba. Varvara ta sauka daga jirgin Asabar ta tarar da mata suna dafa alkama da zuma ta makoki.

Bayan kwana arba'in, Lukian yana gyaran wani inji a gidansa sai ya ji warin kwalta. Ya leƙa ta kan shinge. An sake kife jirgin a kan gungumen. Avdotia tana tsaye da baƙin ɗankwali, tana bin katakon ɗaya bayan ɗaya da buroshi. Da ta iso baya ta ajiye bokitin, ta ciro farin tsumma daga aljihun rigarta, ta naɗe kunnen da shi ta ɗaure. Sannan ta ɗauki buroshin ta bi ta gefensa a hankali.