Yashin Ƙasan Kududdufi

Tun ranar da Hamad ya ce masa ya shiga mota su je gari su zaɓo injin da zai dama kududdufin garke, Ɗan'azumi ya san ba za a wanye lafiya ba. Akwai abin da ya sani game da kududdufin nan wanda mai kududdufin bai sani ba, kuma bai ga ta inda zai fara faɗa ba.

Hamad shi ne kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, mai garken shanun madara a kudancin Jidda, can bayan Kurayyat inda gidaje suke ƙarewa. Shekara goma sha ɗaya Ɗan'azumi yana masa aiki, har ya zama babba a kan masu wankin garke. Kullum da safe suna kora kashin shanu da ruwa ta lambatu zuwa wani ƙaton rami a bayan garken, wanda aka tare ta yamma da madatsar ƙasa. A gindin madatsar nan, taku arba'in bai cika ba, Ɗan'azumi ya kafa ɗaki biyu na katako da kwano. Nan matarsa A'i take, da 'ya'ya biyar. Ba shi da takardar wurin, ba shi kuma da wani wurin.

A wannan shekara ramin ya cika har baki. Samansa ya bushe ya yi ɓawo mai kauri, har karnuka suna bi ta kai su tsallaka. Hamad ya kira motocin tanki su zuƙe shi, suka zura mesa, ta ja baƙin ruwa kaɗan ta toshe. Direbobin suka ce sai an dama shi tukuna, ya koma kamar kunu, sannan a kira su. Ruwan saman Jidda kuwa sau ɗaya ne ko biyu a shekara, amma in ya zo a sa'a guda yake sauke na shekarar duka. Saura kamar mako shida lokacinsa. In ya sauka a kan rami cikakke, madatsar za ta ɓalle, kuma gangaren guda ɗaya ne, ta kan ɗakunan Ɗan'azumi.

Abin da Hamad bai sani ba shi ne yashi. Shekara bakwai da suka wuce ƙudajen kududdufin suka sa wa Sauda, 'yar Ɗan'azumi ta uku, ciwon ido, tana tashi da safe idanunta a liƙe da kwantsa. Shi kuwa abin da ya tashi ya gani a garinsu, ƙazanta da ƙasa ake rufe ta. Sai ya ɗauki baro da shebur. Duk la'asar shi da Na'ibi, wani dattijon abokin aikinsa da ya zo daga Sudan, suna watsa yashi baro uku ko huɗu a kan ɓawon. Ƙudaje suka ragu, idon yarinya ya washe. Yashin kuma yana bin tsaga yana nitsewa ƙasa, ba wanda ya bi sawunsa. Hamad ba ya zagayawa bayan garke saboda wari.

Shagon injinan yana bayan Bab Makka. Mai tsaron shagon, Abdulghani, haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙasa. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya cika ta da Larabci. Ya nuna musu inji ɗaya a tsakar shago, ɗayan kuma a hoto cikin wani littafi.

Na tsakar shagon famfo ne mai injin dizal. Yana zuƙo ruwan daga ƙasa, ya feso shi da ƙarfi a kan ɓawon har ya narke. Na cikin littafin farfela ce a bakin dogon ƙarfe, tarakta ke juya ta, tana birkice komai daga ƙasa zuwa sama. Wannan sai an aika an kawo ta jirgin ruwa, wata biyu in an yi sa'a.

Hamad ya ce, "Ɗaya zan saya, ba biyu ba. Kai ka san ramin. Yalla, zaɓa."

Abdulghani ya juyo da Hausa. "Ya ammi, abu ɗaya bas zan tambaye ka. Akwai yashi a ƙasa? Famfon nan yana shan kashi, yana shan ciyawa, amma yashi yana cinye masa haƙora. Farfela ita ba ruwanta."

Ɗan'azumi ya dubi famfon, sabo fil, jan fenti yana sheƙi. Ya dubi hoton. In ya ce akwai yashi, sai a jira jirgi, ruwan sama kuwa ba ya jiran jirgi. Sannan Hamad zai tambaya wa ya zuba, da izinin wa, kuma iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, tana hannun Hamad. In ya ce babu, ko banza akwai inji a bakin rami gobe. Wataƙila yashin ya kwanta can ƙasa sosai. Wataƙila in an ɗaga bakin mesar kaɗan ba za ta kai gare shi ba.

Ya ce, "Kashi ne da ruwa."

"Akid? Ka tabbata?"

"Kashi ne da ruwa," ya sake faɗa, yana kallon ƙafarsa.

Hamad ya ce halas, magana ta ƙare, a ɗora famfon a mota.

Da ya koma gida ya tarar da A'i tana shanya a igiyar da ke ɗaure tsakanin ɗaki da gindin madatsar. Ta ce, "Baban Sauda, an samu?"

"An samu."

"To me ya sa fuskarka haka, kamar wanda aka aika ta'aziyya?"

Ya ce rana ce ta doke shi. Ya ƙara da cewa ta tattara takardun yara da tufafin da ba a sawa ta ɗora bisa akwati, kada ta bar komai a ƙasa. Ta dube shi, ta ci gaba da shanya.

Washegari da hantsi aka kafa injin. Na'ibi yana ɗaure mesa a jikin gora yana ƙunƙuni. "Ɗan'azumi, ka gaya musu?"

"Ka ɗaure ta sama-sama."

"Ni da kai muka tura baron nan, har bayana ya lanƙwashe. Sama-sama ina? Rabin ramin ai namu ne."

"Baba Na'ibi, don Allah ɗaure."

"Na ɗaure. In ya ci tuwon yashi kada ka ce ni na dafa."

Injin ya tashi da ruri. Baƙin ruwa ya fito ta bakin bututu da kaurin cinyar mutum, ya daki ɓawon, ɓawon ya tsage ya rabu falle-falle yana juyawa. Wari ya tashi wanda ya sa shanu suka ja baya cikin garke, Hamad ya toshe hanci da rawaninsa yana dariya daga nesa. Hankalin Ɗan'azumi ya kwanta. Har ya fara lissafin kwana nawa motocin tanki za su yi su kwashe. Ya riƙe bututun yana kai ruwan lungu-lungu, har jikin madatsar inda ɓawon ya fi kauri, ya daɗe a wurin yana fesawa.

Bayan azahar muryar injin ta sauya. Ta koma ƙara irin ta dutsen niƙa da ba hatsi. Ruwan ya sirance, ya koma tsiyaya, sannan injin ya yi tari biyu ya mutu.

Aka aika aka ɗauko Abdulghani. Ya kwance murfin famfon ya zura hannu, ya fito da shi cike da baƙin yashi. Haƙoran ciki sun zaizaye sun yi sumul kamar tsohon cokali. Ya murza yashin tsakanin yatsunsa, ya ce da Hausa, a hankali yadda Hamad ba zai tsinci komai ba, "Ya ammi, ai na tambaye ka sau biyu."



Abdulghani ya juya ga Hamad ya ce masa da Larabci iska ce take kwaso yashi daga sahara shekara da shekaru, haka ramukan Jidda suke. Hamad ya yi ta faɗa, ya zagi iska, ya zagi inji, ya zagi ranar da ya fara kiwon shanu. Da ya huce ya ce a aika a kawo farfelar. Ɗan'azumi ya bi shi har bakin mota, ya roƙi a ba iyalinsa ɗakin ajiyar ciyawa da ke kan tudu, su zauna kafin jirgi ya iso. Hamad ya ce ɗakin cike yake da abincin shanu na sanyi, ina zai kai shi? Ya ce Allah Karim, ya ja mota.

Da la'asar Ɗan'azumi ya zagaya ta bayan madatsar, ta gefen gidansa. A daidai inda ya daɗe yana fesa ruwa daga ciki, ƙasar waje ta yi duhu, faɗin tabarma guda. Ya dafa da tafin hannu. Da danshi, kuma yatsansa ya shige ba wuya. Da, busasshen ɓawon nan ne yake tsare jikin madatsar. Yanzu ya narke, ruwa tsagwaro ne yake jingine da ita.

Ya kira Na'ibi suka cika buhunan sha'ir, na abincin shanu, da ƙasa suka jera a wurin, goma sha huɗu, iyakar buhunan da suka samu. Yara suna wasa a ƙofar ɗaki, A'i ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsu. Kafin su gama jera na ƙarshe, na farkon ya jiƙe.

Abdulghani ya ce wata biyu, amma shi ma bai san ranar da jirgin zai taso ba. Ba wanda ya san ko ruwan bana zai zo da wuri ko zai makara, ko ma ba zai zo ba. Ɗan'azumi kuma bai san kwana nawa madatsar za ta ƙara a tsaye ba, ko da ruwa ko babu.