Inda Mika'ilu Tela Ya Shiga

Mai Keke Napep ya sauke Adawiyya a bakin ƙauyen Malkohi, ta shiga tambayar gidan Baba Hosea, tsohon da ya gudo daga Madagali shekarar da Boko Haram suka ci garin.

Ta daɗe tana bin sawun kakanta, Mika'ilu tela. Ta gano a bayan motar gyaɗa ya zo Jimeta daga Kano, shekarar samun 'yancin kai. Lokacin yaƙin basasa ya ɗinka wa sojoji kaki. Daga nan labarin ya tsinke: ya ɓace a makon da rikicin Maitatsine ya cinye kasuwar Jimeta, a 1984. Mutanen unguwarsu, Dubeli, suka ce 'yan tatsine ya bi. Tun daga lokacin mahaifinta, Alhaji Muhsin, bai sake ambaton sunansa ba. Wani tsohon mahauci ne ya ce mata, "Nemi Hosea, shi ke yi masa dako."

Ta tarar da shi a gindin dalbejiya yana tufka igiya. Da ta faɗi ko ita wace ce, sai ya ajiye igiyar.

"Ɗan tatsine? Mika'ilu?" Ya yi dariya har da tari. Ya ɗaga riga, ya nuna mata tabo a haƙarƙari. "Kibiyarsu ce wannan. Kakanki ya jefar da keken ɗinkinsa daga amalanke, ya ɗora ni, ya tura har asibiti. Ya koma ya kwaso wata mata da ɗanta. Ya sake komawa. Ina ta jira, bai dawo ba."

"Baba, me ya hana ka gaya wa iyalinsa?"

"'Yata, da na farfaɗo 'yan'uwana sun riga sun kai ni gida Madagali. Na ɗauka duk Jimeta ta sani."

Adawiyya ta ciro waya, ta kira mahaifinta.

"Baba, ina Malkohi. Ga mutumin da ya ga mahaifinka ranar da ya ɓace. Bari in ba ka shi."

Tana jiyo hayaniyar shagonsa ta cikin wayar.

"Kada ki ba shi," in ji Alhaji Muhsin. "Wannan ba maganar waya ba ce. Ki ce ya jira ni, ina rufe shago."

Baba Hosea ya leƙa cikin gida, ya ce a kawo tabarma babba.