Kyaftin Zaharaddeen a Filin Waziriyya

Tun da Zaharaddeen yake buga wasan kurket na ƙwallo da sanda bai taɓa ganin rashin kunya irin ta safiyar Juma'ar nan ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana riƙe da kyaftin ɗin 'yan wasan ƙasarsa, ya kai su Kenya, ya kai su Yuganda, sai da gwiwa ta ce ta gaji sannan ya ajiye sanda. Yau ga shi a wani fili mai tsakuwa a unguwar Waziriyya ta birnin Jidda, yana jagorantar direbobi da masu lodi na wani kamfanin dakon kaya.

A takarda mai kula da sito ne. Amma kowa ya san don cin kofin gasa manaja Saleh ya ɗauko shi daga Kaduna, kuma a hannun Saleh ɗin sabunta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, yake. Shi Saleh haihuwar Jidda ne, iyayensa Hausawan Sudan. A wajen Pakistanawan ofis ya tsinci wasan da girmansa, ya kuma naɗa kansa mai tsaron bayan sanduna ukun da ake kafawa a bayan mai bugu, wa zai hana shi?

Wasan ƙarshe ne. Abokan karawa saura musu mai bugu ɗaya, wani dogon Bafakistane, in an fitar da shi kofi ya zo gida, su kuma maki kaɗan ya rage musu su ci. Aka jefo masa ƙwallo, ya maka mata sanda, ta tafi kamar dutse ta sami Ikrama direba, ɗan wasan su Zaharaddeen, a baki. Ikrama ya zube. Bafakistanen ya yar da sanda, ya bar layinsa da gudu, ya tallafo kan Ikrama yana salati.

Kai, wani mutum sai Allah! Saleh ya lallaɓa ya ɗauki ƙwallon da jini a jikinta, ya buge sandunan, ya daka tsalle yana kururuwar a fitar da mai bugu. Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, don doka ta ce wanda ya bar layinsa ya fita. Sai dai a kurket kyaftin yana da ikon janye ƙarar, shi kaɗai. Alƙali ya juyo yana dubansa.

Zuciyar Zaharaddeen ta kawo wuya.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Saleh, "yaronmu mutumin nan ya je taimaka wa fa. Namu!"

"Halas ya kabtin, ƙanun ƙanun ne, doka doka ce," in ji Saleh. "Ya fita. Yalla, a kawo kofi."

"Wannan ba ci ba ne, sata ce da rana tsaka. An sha lallasa mu a gaban duniya, amma ban taɓa komawa gida da kayan kunya ba."

Saleh ya matso, ya rage murya. "Iƙamarka wata mai zuwa take ƙarewa. Ka tuna."

Ya tuna mana. Ya tuna matarsa Mastura a ɗakinsu na unguwar Hindawiyya, da asibitin da ake wanke mata ƙoda a kan inshorar kamfanin nan. Tsoro ya kama shi, sai tsoron ya ƙara masa fushi. Wato saboda wannan za a sa shi ya haɗiye najasa ya ce zuma ce?

"Na janye!" ya faɗa da ƙarfi, yadda har masu shayi a bakin titi suka ji, sannan ya dubi Bafakistanen. "Malam, ɗauki sandarka."

Saleh ya tuɓe safar hannunsa ya watsar a ƙasa. "Lahadi ka same ni a ofis da fasfonka. Bizar fita zan buga maka, ba dawowa."

Jifa na gaba Bafakistanen ya ɗaga ƙwallo ta haye katanga. Shi ke nan, kofi ya tafi. Bafakistanen ya taho da hannu a buɗe zai rungume Zaharaddeen, shi kuwa ya ture shi.

"Matsa can! Ba don kai na yi ba."

Ya ciccibi Ikrama ya sa a mota, ya figi motar sai asibiti, yana zagin duk wanda ya tare masa hanya, yana neman kalmar da zai fara gaya wa Mastura ya rasa. A bakin danja Ikrama ya buɗe ido, leɓensa ya kumbura suntum.

"Kyaftin, mun ci?"

"Rufe bakinka," in ji Zaharaddeen, "jini na zuba."