Ranar da Likita Ya Zo

'Yar'azumi tana tsaka da surfen gero jiri ya sake ɗibarta, ta saki taɓarya ta dafa bango. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har idan ta danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Mairam, gandirobar ɓangaren mata, ta zo ta zaunar da ita a inuwa.

"Ƙara haƙuri, 'yar nan. Yau Bature likita zai zo duba gidan yari. Da hannuna zan kai ki gabansa."

'Yar'azumi ta yarda, don Mairam ba baƙuwa ba ce. Ƙawar marigayiya mahaifiyarta ce tun suna tallar busasshen kifi a bakin kogin Haɗeja. Ranar da alƙali ya ɗaure 'Yar'azumi saboda ta ƙi faɗin inda ƙaninta Bunu ya ɓuya, lokacin da dogarai ke kamen samari zuwa haƙar kuza, Mairam ce ta tarbe ta a ƙofa da hawaye, ta rantse ba abin da zai same ta muddin tana gidan.

Da hantsi aka share ko'ina, aka zuba sabon yashi a tsakar gida. Yari, shugaban gidan, ya leƙo, ya tsaya yana kallon ƙafafun 'Yar'azumi, sannan ya kira Mairam gefe suka jima suna magana. Da ta dawo, idonta a ƙasa, ta ce likita ba ya duba mai ciki a gaban jama'a, sai a keɓe. Ta riƙe mata hannu har ɗakin ajiyar hatsi, ta shimfiɗa mata buhu, ta fita ta ja ƙofa.

'Yar'azumi ta zauna tana tsara abin da za ta faɗa: ciwon kan da ba ya sauka, duhun da ke gilma mata a ido, da yadda ɗan ya rage motsi. Can ta ji ƙugin mota, ta ji takalma suna matsowa, aka sa fursunoni mata suka kama daka don Bature ya ga aiki. Tafinta ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai marar lafiya cikin mata.

"Babu, ranka ya daɗe," in ji muryar Mairam. "Duk lafiyarsu lau."

'Yar'azumi ta rarrafa ta tura ƙofa, ta ji ta a garƙame daga waje. Ta buga, ta kira, amma ƙarar taɓare ta danne muryarta. Tana nan durƙushe har motar ta tashi.

Mairam ta buɗe ƙofar riƙe da ƙwaryar kunu. Ta ce Yari ne ya tilasta mata, wai idan Bature ya gan ta haka zai tambayi wanda ya sa ta surfe, kuma ita Mairam ce za a kora, ga marayu a gida.

"Da kin faɗa mini gaskiya, Iya," in ji 'Yar'azumi, "da na zauna a tsakar gida, sai dai a ja ni a gaban idonsa. Ke kaɗai ce za ki ce in bi ki in bi."

Ba ta taɓa kunun ba.

Naƙuda ta zo kafin lokacinta, a kwanakin da kogi ya cika ya shanye hanya. 'Yan uwanta fursunoni ne suka karɓi haihuwar, wata tsohuwa 'yar Kafin Hausa ta yanke cibiya. Namiji ne, bai yi kuka ba.

Mairam ta shigo da farin ƙyalle sabo na likkafani, ta durƙusa ta ajiye shi a gefen tabarma. 'Yar'azumi ta dube shi, ta dube ta. Sannan ta zare mayafinta, ta kama bakinsa da haƙori ta tsaga shi biyu, ta miƙa wa tsohuwar rabi ta ce a naɗe mata ɗanta.