Cikin Rekiya da Ya Kwanta

Dalhatu ya ɗauki matarsa Rekiya daga Dauran ya kai ta asibiti a Kaura Namoda. Uwarsa, Inna Balaraba, ba ta so ba.

Tun kakar bara Rekiya ba ta ga al'ada ba. Cikinta bai tashi ba, amma nononta na tsatstsafo da ruwa, ga ciwon kai. Inna ta duba ta ce ciki ne ya kwanta, watarana zai motsa. Aka hana ta daka da ɗaukar tulu. Rekiya ta zauna jira. Ɗanta guda har ya shiga makaranta, ita kuwa ƙani take nema masa.

Likitar mace ce. Ta yi hoton ciki, ta sa aka ɗebi jini. Bayan la'asar ta kira su.

"Babu ciki."

Rekiya ta ce, "Likita, to ruwan nonon fa?"

"Shi ne mai laifin. Abubuwa da yawa kan tsayar da al'ada: rama, damuwa, allurar tazarar haihuwa, ciwon maƙoƙo. Ke sinadarin da ke kawo nono ne ya yi miki yawa. Jikinki ya ɗauka shayarwa kike, sai ya rufe ƙofa."

"Ke nan na gama haihuwa?"

"Wa ya gaya miki? Ƙwaya za ki sha, ki riƙa dawowa muna dubawa. Mata da yawa al'adarsu ta dawo, sun goya."

Dalhatu ya yi gyaran murya. "Ashe banza muka bar ta tana hutu, ni ina sayen gari."

Likita ta yi dariya. Rekiya ma ta yi, da hawaye a ido.

A tasha, suna jiran motar Zurmi ta cika, Dalhatu ya matso kusa da Rekiya. Ya san uwarsa. Ta riga ta shaida wa dangi har Shinkafi cewa jika na hanya.

"Rekiya, ki sha maganinki a ɓoye. Mu ce wa Inna yana nan kwance. In Allah ya kawo na gaske, sai a ce shi ne ya tashi. Kowa ya huta."

Rekiya ta ƙulle maganin a bakin mayafinta. Ta tuna ƙanwarta da ke Zurmi, wadda ita ma aka ce nata ya kwanta.

"A'a, Malam. Ba ni faɗin haka."