Ƙumbar Zuhra

Kalma ɗaya ce ta jawo. An tambaye ni a bakin masallaci abin da 'yata Zuhra ke karanta a Dakar, na ce ƙumba. Ƙumbar ruwa nake nufi, mai ɓawo biyu, wadda matan bakin teku ke ɓamɓarowa daga saiwar itatuwa su ci su sayar. Zuhra na binciken abin da ke sa ɓawon rage kauri. Mutanen garinmu Matameye kuwa farce suka ji.

Ranar Juma'a sai ga Alhaji Jalaluddeen, wan matata marigayiya Fadima. Rabonsa da gidana tun zaman makoki.

"Mushe, mun zama abin dariya," in ji shi, da sunan da ake kiran mu malaman makaranta a nan. "Har Dakar don yankan ƙumba? Hashimu ɗana a Legas ya koya, rani ɗaya, da reza da ruwan sabulu."

Na ɗauko ɓawon da Zuhra ta aiko mini daga kan littattafai, na sa masa a tafi. Ya jujjuya shi.

"Wannan? Da irinsa kakarmu ke kankare tukunya. Ai gara farcen." Ya ajiye. "Na samo mata aikin buro, na zama a ofis, a Damagaram. Ta ce ba za ta shiga karatun digirin doktora ba sai da yardarka. Kira ta ta dawo. Tun rasuwar Fadima ƙanzo kake ci."

Nan bai yi ƙarya ba. Na buga mata waya, na buɗe murya don ya ji.

"Baba, ina cikin laka har gwiwa, ruwa na dawowa."

"Kawunki ne nan. Ya ce ki zo ki tuƙa mini tuwo."

Ta ce, "In ka ce in dawo, zan dawo."

Na san za ta aikata. Halin uwarta ne, ita ma haka aka raba ta da karatun lakwal.

"Doktoran shekara nawa ne?"

"Uku, ko huɗu."

"Ki yi biyar in ta kama. Kika dawo ba da shi ba, ƙofata a kulle take."

Alhaji ya miƙe yana laluben takalmi. "To me zan gaya wa mutane?"

"Ka ce har yanzu tana kan babban yatsa."

Da ya fita na sauke shinkafata, ta kama kamar kullum. Na ɗauki ɓawon na kankare ƙanzon. Kakar tasu ta san abin da take yi.